Hajiya Kaltume da Rubutun Ƙasan Bidiyo

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya taya ni. Kwas goma sha huɗu na yi wa rajista a intanet, irin waɗannan da manyan jami'o'in duniya ke saki kyauta, kowa ya shiga ya yi karatu daga ɗakinsa. Har yau ban gama ko ɗaya ba. Na fara na shugabanci, na fara na tsara birane, na fara na Faransanci har na iya gaisuwar safe. A mako na biyu nake mutuwa a kowanne. Uwargida ta ce da a ce da rajista ake ba da digiri, da yanzu ɗalibai na bin layi a ƙofar gidanmu.

Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da zai yi jinjina ga Hajiya Kaltume Yusuf, wadda ta yi ritaya watan jiya bayan shekara talatin da biyar tana buga takardu a ma'aikatarmu da ke Doka, cikin Kaduna.

In ta idar da sallar Asuba ba ta komawa barci. Teburin cin abinci take zama, a gidanta na Unguwar Rimi, ta buɗe tsohuwar kwamfutar da 'yarta Nafisat ta bar mata, ta jera fensir uku da ɗan littafin shothan, wato rubutun nan na sakatarori mai kama da tafiyar tsutsa. Sai ta toshe kunnuwa ta kunna bidiyon wani malamin jami'a da ke ba da darasi da Turanci. Ya yi jimla ɗaya, ta tsayar da shi, ta rubuta, ta mayar da shi baya ya sake faɗa. Babu farfesan da ya taɓa shan katsewa irin wanda ya faɗa hannun Hajiya Kaltume. Bakwai da rabi ta rufe, ta hau keke-napep zuwa ofis. Bayan La'asar ta dawo ta juya abin da ta ɗauka zuwa Hausa, ta buga shi layi-layi, kowane layi da daƙiƙar da zai fito da wadda zai ɓace. Rubutun nan da ke fitowa a ƙasan bidiyo, wanda muke karantawa ba mu taɓa tambayar wa ya zauna ya yi ba, shi ne aikinta. Shekara huɗu ke nan, kuma ba wanda ya sa ta.

Na san ta tun ina sabon ɗauka. A lokacin su goma sha biyu ne a ɗakin masu tafireta, in suka fara aiki kamar ruwan sama a kan kwano. Rubutuna kuwa, ni kaina in ya kwana biyu sai na nemi taimako, amma ita takan karɓa ta duba ta ce, "Malam Hamisu, wannan kalma ce ko biro ne ya zube?" Sannan ta dawo da wasiƙa fes. Suna da wata al'ada da yaran yanzu ba su sani ba: a can ƙasan takarda, ta hagu, ana sa haruffan farko na sunan mai wasiƙa da manyan baƙi, na wadda ta buga kuma da ƙanana. Nawa da nata HG/ky ne. Da kwamfuta ta zo, kowane jami'i ya koma buga wa kansa da yatsa biyu, aka watse ɗakin. Ita aka kai ta kusurwar ɗakin ajiye fayiloli, aka ba ta kujera da fanka. Mun ci gaba da gaishe ta da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka gama da shi.

Sai ga Sharhabil. Mai gyaran wuta ne daga Rigachikun, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa yana aji shida na firamare. Hausa yake karantawa sarai, Turanci kuma sai abin da ba a rasa ba. Yana yawo da ɗan littafi a aljihun gaba, da shi yake magana da mutane. Ya zo gyara wayoyin wutar gidan Hajiya, ya gama, ta ga ya tsaya yana jujjuya wayarsa ta hannu. Wani kamfani ya samu aikin sa sola a ƙananan asibitocin ƙauyukan da ke hanyar Zariya, sun ɗauki mutum biyu da shi ya koya musu riƙe filaya, shi kuma sun ce sai ya kawo takardar shaida, in ba haka ba sai dai ya riƙe tsani. Sun yarda za su karɓi satifiket na wani kwas ɗin sola na kyauta, na wata jami'a can gabashin duniya, in ya kawo kafin ayarin ma'aikatan ya tashi. Ya nuna mata bidiyon. Malami na ta zuba, rubutun Turanci na gudu a ƙasa.

Ya rubuta: "Mama, bakinsa kawai nake gani."

Ta karɓi biron. "Darasi nawa ne?"

"Arba'in da biyu."

"Zuwa yaushe?"

"Mako takwas, sai jarrabawa, sai su rufe."

Ta rubuta: "Ka dawo Asabar."

Ranar Litinin ta zo teburina, domin a ma'aikatar ni aka sani da ilimin kwasa-kwasan intanet. Wanda ya yi rajista sau goma ai ba yaro ba ne.

"Malam Hamisu, in na juya maganar mutumin nan zuwa Hausa, da izinin wa?"

"Hajiya, ai buɗaɗɗen karatu ne. Sun ce kowa ya kwafa, ya fassara, ya raba, in dai ya ambaci mai shi."

"Sun ce, ko sun rubuta?"

"Yana can ƙasan shafin."

"Fitar min da shi a takarda."

Na fitar. Ta karanta sau biyu, ta huda shi, ta zura a sabon fayil, ta rubuta lamba ɗaya a kusurwa. Ban taɓa ganin mutumin da ya buɗe wa intanet fayil ba sai ita.

Abin da ya faru ranar Asabar ɗin farko, Nafisat ce ta ba ni labari. Hajiya ta gama darasi uku, ta kunna wa Sharhabil. Minti biyu ya girgiza kai. Layin na ɓacewa kafin ya kai ƙarshensa, in kuma ya tsaya karatu sai hannun malamin ya wuce wurin da yake nunawa. Ita da saurin idonta na mai buga takarda ta auna, shi kuwa a hankali yake bi, yana motsa leɓe. Da wata ce, da sai ta ce masa ya riƙa tsayar da bidiyon. Ita sai ta rubuta masa: "In ka gama karanta layi, ka ƙwanƙwasa tebur." Ta cire agogon hannunta ta ajiye a gabanta. Ya karanta, ya ƙwanƙwasa, ta rubuta daƙiƙa. Ya karanta, ya ƙwanƙwasa. Sun yi wuni guda a haka, har ta gano kalma nawa idonsa ke ɗauka a numfashi ɗaya. Daga nan ta koma ta datse duk layin da ya fi haka, ta zubar da "kamar yadda kuka sani" da "bari mu ce" na farfesa, ta kuma koyi barin ƙasan bidiyon wayam a duk lokacin da hannu ke nuna wani abu, don ido ya samu sararin kallo. Duk wanda ya taɓa karatu da rubutun Hajiya Kaltume, da saurin idon Sharhabil yake karantawa, bai sani ba.

Kalmomin sana'ar kuma ba ta ƙirƙiro ko ɗaya daga kanta ba. Babbar kasuwa take zuwa, shagon wani Mamman mai sayar da kayan sola, ta tsaya da littafinta.

"Mamman, me kuke ce wa wannan?"

"Kanturola, Hajiya."

"Ba shi da suna da Hausa?"

"Ai ita ce Hausar. In kika ce mai daidaita caji, wajen masu gyaran waya za a tura ki."

"Wannan fa?"

"Inbata. Hajiya, gaya min gaskiya, shago za ki buɗe ki kashe mana kasuwa?"

"In na buɗe, kai zan ɗauka ka riƙa share min."

Mamman ya ce min har yau in abokin ciniki ya yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, Hajiya yake kira.

A mako na huɗu ta yi abin da ya sa na fara jin tsoronta. Ta shigo ofis da littafin shothan, ta buɗe shafi biyu. A darasi na huɗu malamin ya ce a fara haɗa batir da kanturola, sannan fanel, wato farantin da ke ɗaukar hasken rana. A darasi na sha tara, yana cikin nuni, ya faɗa a juye. Dubban mutane sun kalli darussan nan a ƙasashe daban-daban, har da injiniyoyi, ba wanda ya yi magana. Ita ba injiniya ba ce, amma shekara talatin tana gwada shafi na huɗu da na sha tara na daftarin manya. Ta tambayi Mamman, ya ce wanda ya fara da fanel yana iya ƙona kanturola.

Na ce, "To ki gyara a Hausar mana, shi ke nan."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Mai buga takarda ba ta canza maganar mai takarda. Tana sa alama da fensir ta mayar masa. In na gyara wa Sharhabil shi kaɗai, sauran fa?"

Ta buga wasiƙa zuwa ga farfesan, da lamba da kwanan wata da take, da ladabin nan na aikin gwamnati wanda ke gaya wa babba ya yi kuskure ba tare da ya ji an taɓa shi ba. Sai ta ajiye min ita.

"Sa hannu."

"Ni kuma? Ke kika gano."

"Ban taɓa sa hannu a wasiƙa ba, Malam Hamisu. Ba zan fara da farfesa ba."

Na sa. Bayan kwana tara aka sake ɗaukar darasin. A ƙarshensa malamin ya gode wa wani Hamisu Garba na Kaduna saboda kaifin idonsa. Na nuna wa abokai bidiyon sau da yawa kafin kunya ta iso.

Darasi na arba'in da biyu ya kammala ana saura kwana biyu a rufe. Saura jarrabawa, ita ma da Turanci. Hajiya ta riga ta rubuta wa masu kwas ɗin, sun amince ta fassara masa tambayoyin, da sharaɗin a samu shaida a wurin. Ni ne shaidar. Ta tambaye ni ƙarfe nawa ake rufewa ranar Asabar, na ce sha biyun dare, da muryar wanda ya saba. Ban taɓa kaiwa ranar rufe wani kwas ba balle in san da agogon wa ake rufe shi.

A kan maganata ta tsara ranar. Ita ma ta yi rajista, kuma tana so ta zauna jarrabawar. Za ta fara yin tata da ƙarfe biyu, tun ba ta ga tambayoyin ba, sannan Sharhabil ya yi tasa a natse har zuwa Isha'i. Da na shiga falon na lura da sabon firam jingine a bayan talabijin, ko ledarsa ba a cire ba. Na gane don satifiket ɗinta ta saye shi. Matar da ta buga wa ɗaruruwan ma'aikata takardun yabo da na ƙarin girma, ban san ko akwai ɗaya mai sunanta ba.

Ta buɗe shafin da biyu da 'yan mintoci. A samansa wani ɗan agogo na ƙirga baya: saura awa biyu da minti hamsin da ɗaya. Sha biyun darensu, biyar ɗin yammarmu ce.

Ta dube ni. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

"Tambaya arba'in," ta ce. "Minti huɗu kowacce in na yi sauri."

"Hajiya, taki ba za ta ci awa ɗaya ba. Ki yi maza—"

"In na ci awa ɗaya, shi ya tsaya a ta talatin." Ta fita daga shafinta, ta juya wa Sharhabil kwamfutar, ta rubuta masa: "Bismillah. Kai za ka fara." Bai tambayi dalili ba, don bai san da wani tsari ba.

Na ga mutane suna aiki a rayuwata, amma ban ga irin na wannan yammacin ba. Tambaya ta fito, ta karanta sau ɗaya, fensir ya bi takarda, tambaya da zaɓi huɗu, ta tura masa, ta ɗauki wata takardar tana jira. Ba gogewa, ba komawa baya. Kowace amsa ta san ta, domin babu darasin da ba ta saurara sau ashirin ba, amma fuskarta kamar ta wadda ke jiran mota. A tambaya ta ashirin da bakwai ya yi jim, ya kai yatsa kan amsar daidai, ya janye, ya danna wata. Bakin fensirinta ya karye a kan takarda. Ta ɗauki na biyu ta ci gaba. Aka kira La'asar, ta ce min, "Akwai lokaci," ba ta ɗago ba. Ni dai ina zaune ina sa ido, aikin da na fi ƙwarewa a kai.

Biyar saura minti tara ya danna ta ƙarshe. Saba'in ake nema, ya samu saba'in da bakwai. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya zaro littafinsa ya rubuta wani abu ya miƙa mata. Ban ga abin da ya rubuta ba. Ta karanta, ta rubuta a ƙasa, wannan kam na gani: "Tashi ka yi salla."

Ranar Litinin ta fitar masa da satifiket ɗin, ta sa a firam ɗin nan ta ba shi. Ya tafi da ayarin. Yau shi ke jagorantar nasa mutanen, kuma akwai ɗakunan haihuwa tsakanin Rigachikun da Zariya da ungozoma ta daina riƙe tocila a baki saboda wayoyin da ya ja. Fanel biyu da ke kan rufin Hajiya shi ya ɗora, tana ta faɗa yana yi kamar bai ga bakinta ba.

Da aka sake buɗe kwas ɗin shekarar da ta biyo, na ce ga dama ta dawo. Ta ce, "Na ga takardar jarrabawa, Malam Hamisu. Wanda ya ga takarda ba ya zama." Na ce ai ba wanda zai sani. Ta ce, "Kai ne shaida."

Fassararta kuwa ta mayar wa masu kwas ɗin, tunda izinin ya ce a raba, suka ɗora ta a shafin kowa ya danna. Ba kurame kaɗai ba, har masu ji garau da Turancin farfesa ke yi wa sauri. Saƙonnin godiya na zuwa daga Maraɗi, daga Gusau, daga zangon Kumasi. Bayan sola ta yi na taimakon gaggawa, na kiwon kaji, na gyaran famfon burtsatse, na kula da jarirai, yanzu tana kan na shida. Ba ta zauna jarrabawar ko ɗaya ba, domin a kowanne akwai wanda take fassara wa tambayoyi. A ƙarshen kowane darasi, in rubutu ya ƙare, wasu ƙananan haruffa biyu kan fito a kusurwar hagu na daƙiƙa ɗaya: ky.

Hajiya Kaltume, ke ce kika zauna a kusurwar da muka ajiye ki kika buɗe makaranta ba mu sani ba. Manyan jami'o'i sun buɗe ƙofa sun ce kowa ya shigo, kuma sun kyauta, amma ke ce kika lura akwai wanda ke tsaye a bakin ƙofar yana kallon baki na motsi. Ke ce kika auna iliminsu da agogon hannunki har ya yi daidai da idon mutum ɗaya. Uwar masu tafireta, mai fensir uku. Kin hana ni faɗin zancen firam, ga shi na faɗa, kuma na san Sharhabil zai karanta, tunda da Hausa na rubuta. Ki yafe min wannan, ki haɗa da na agogo, da na farfesa. Allah ya ƙara wa idanunki haske, ya sa hutun nan ya zama hutu, ko da yake Nafisat ta ce tun da kika yi ritaya sai Azahar kike tashi daga teburin.

Mun gode, Hajiya. Sauran mu kuma, masu Turanci a baki da data a waya, darussan nan suna nan zube kyauta, izininsu a rubuce a ƙasan shafi. Ba sai mun yi arba'in da biyu ba. Mutum ya ɗauki ɗaya, ya nemi wanda zai ƙwanƙwasa masa tebur, ya zauna. Ni ma na yi niyya, kuma wannan karon na gaya wa Hajiya, don haka ba ni da hanyar gudu.

A rajistar jami'ar can, waɗanda suka shiga kwas ɗin sola kashi biyu ne: waɗanda suka gama da waɗanda suka watsar. Ni ma na yi masa rajista a lokacin, shi ne na goma sha ɗaya. Sunana da na Hajiya Kaltume a layi ɗaya suke.